Hular da Ba a Zo Karɓa Ba

A Kazaure, idan ka baro tasha ka gangara wajen kasuwa, akwai wata 'yar rumfar kwano a gindin darbejiya. Shekara arba'in da 'yan kai, duk wanda ya bi ta nan da hantsi yakan tarar da kawunan icce jere a rana, kowanne da hularsa, sai ka ce majalisar dattawa ce da Allah ya raba ta da gardama. Shugaban majalisar shi ne Baba Mele mai wankin hula.

Daga Gaidam ya zo yana saurayi, da niyyar ya yi kwana biyu wajen wani kawunsa mai fataucin kanwa, sannan ya wuce Kano. Kawun ya koma gida, Kano ta ci gaba da harkokinta ba ta ma san ana yi ba, Mele kuwa ya tsaya. Ya nemi bokiti biyu da buroshi da dutsen guga na gawayi, ya sa masassaƙi ya sassaƙa masa kan icce guda ɗaya na ɗora hula. Da yake ba wani kai a kusa da za a gwada da shi, sai aka auna nasa. Da wannan ya fara. Daga baya kawunan suka kai talatin da biyu, manya da ƙanana, na farkon ya tsage ya koma lungun rumfa yana tara ƙura.

Abin da ya raba Mele da sauran masu sana'ar shi ne bai taɓa yi wa hula alama ba. Wasu sukan ɗaura ɗan zare, wasu su rubuta suna da biro daga ciki. Shi a wajensa wannan raina sana'a ne. Daga Laraba zuwa Alhamis hula ɗari takan taru a gabansa, zanna da damanga da ƙube, ya jiƙa su, ya goge, ya sa musu ƙaro su yi ƙarfi, ya ɗora su a kawunan icce su sha rana. Ran Juma'a da safe kowa ya zo, tun kafin ya gama sallama Mele ya miƙo masa tasa.

Idan aka tambaye shi yadda yake yi, yakan ce hula ta fi mai ita faɗin gaskiya. Ta malamin makaranta ba ta rabo da alli a gefen dama. Ta mai shayi ko an wanke ta sau uku sai ta yi ƙaurin hayaƙi. Akwai mai karya tasa ta hagu don ya ɗauka ta nan ya fi kyau, kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya masa gaskiya. A duk tsawon shekarun nan hular mutum ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma ba ta taɓa kwana biyu bayan Juma'a ba tare da ya nemi mai ita ya kai masa ba. Ba shi da gona, bai je Makka ba, gidansa ɗaki biyu ne. Wannan ɗin dai shi ne abin da yake da shi.

Babban abokin cinikinsa, ta fuskar girman kai na zahiri, shi ne Alhaji Daudu, malamin dabbobi mai ritaya. Daudu Bafulatani ne, Mele Babarbare, saboda haka tun ran da suka fara haɗuwa ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Wasan da ke tsakanin kakanninsu suka gada, suka kuma riƙe shi da muhimmanci fiye da yadda wasu ke riƙe zumunci.

"Bawana, an tashi? Ina hular ubangidanka?"

"Ga ta can, Fulata. Jiya sai da na aro turmi na ɗora ta, kawunana duk sun ƙi ɗauka."

"Ilimi ne ya cika kan."

"Nono ne. Da ka girgiza shi ina jin motsinsa."

Isaac, mai gyaran agogo da rediyo da ke rumfar kusa, ɗan Filato ne da ya yi shekara ashirin yana sauraron wannan karatu kullum. Mele bai taɓa kiransa da komai ba sai Isiyaku, shi kuma ya gaji da gyarawa ya karɓa.

Matar Mele, Dela, 'yar Roni ce. Ta iya tuwo, ta iya kiwon kaji, ta iya yin shiru ta yadda mutum zai gwammace a yi masa faɗa. Abin da ba ta iya ba shi ne ɗinkin hula, kuma shi ta ɗaura niyyar yi a shekarar da ta haifi 'yarsu ɗaya tilo, Zulaikha. Ta ce ba zai yiwu mijinta ya ƙare rayuwarsa yana wanke kwalliyar mazan wasu ba, shi yana yawo da tsohuwar dara. Ta sayi yadi ruwan toka da zare shuɗi, ta yi wata goma sha huɗu tana soka allura. Da ta gama, zanen da ya kamata ya zagayo ya haɗu a ƙeya bai haɗu ba. Layi ɗaya ya bi ta sama, ɗaya ta ƙasa, kamar mutum biyu da suka yi alkawarin haɗuwa a kasuwa kowa ya shiga ta wata ƙofa.

Mele ya juya ta a hannu ya ce, "Dela, wannan hular ko a duhu aka jefa ta cikin dubu zan gane ta."

Ta ce, "Kawo abata."

Ya ƙi bayarwa. Sau biyu a shekara yake sa ta, ƙaramar Sallah da babba, sauran kwanaki tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Shekara shida ke nan da rasuwar Dela, tun daga nan akwatin bai sake buɗuwa ba.

Hawan jini ya daɗe tare da shi. An ba shi magani an ce kullum, shi kuwa ya ɗauke shi kamar laima, sai ya ga hadari. Wata Alhamis da hantsi dutsen guga ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira Isaac, maganar ta tsaya a maƙoshi ta ƙi fitowa. Kafin Isaac ya kawo ruwa ya yi masa fifita, hannun ya dawo, maganar ta dawo. Mele ya ce rana ce ta buge shi, ya ci gaba da guga. Bayan wata huɗu abin ya sake zuwa, sannan ya kuma. Kowane zuwa ba ya daɗewa, amma idan ya tafi sai ya tafi da wani abu. Na farko ya ɗauke masa saurin tafiya, ya koma jan ƙafa kamar mai neman allura a ƙasa. Na biyu ya ɗauke sunayen unguwanni. Na uku ne ya taɓa huluna.

Har yanzu ana ba da labarin wannan Juma'ar a Kazaure. Mele ya raba huluna kamar kullum, da sauri, ba ko tantama. Mutane kuma, da yake shekara arba'in ba su taɓa dubawa ba, kowa ya karɓi tasa a leda ya wuce gida. Sai da aka yi wanka aka sa manyan kaya, lokaci ya ƙure, sannan aka buɗe. Alhaji Daudu ya isa masallaci da 'yar hular Malam Sama'ilu tela a tsakar kansa kamar murfin buta. Malam Sama'ilu kuwa, mutum ɗan firit, ya shigo cikin hular Daudu har kunne, yana ɗaga haɓa don ya ga hanya. Aka yi ta leƙen kawunan juna a sahu. Bayan an sallame aka tsaya a ƙofar masallaci ana musaya kamar kasuwar 'yan gwanjo.

Da aka zo rumfa ana ba shi labari, Mele ya yi dariya tare da kowa. Dariyar ce ta ƙi tsayawa inda ya so, ta zarce ta zama kuka, hawaye na zuba yana share su da gefen riga yana cewa shi ma bai san dalili ba. Nan kowa ya tuna yana da abin yi a gida.

Isaac ne ya buga wa Zulaikha waya. Tana koyarwa a wata firamare a Babura, inda take aure. Ta zo ta ɗauki mahaifinta zuwa Kano, aka sa kansa cikin na'ura aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitan, wani mai haƙurin bayani, ya ɗaga hoton ya ce, "Baba, ka san lambu?"

"Ina wanke hulunan masu shi."

"To, jini a cikin kai kamar ruwa ne a lambu. Akwai babbar hanya, akwai ƙananan da ke kai ruwa fangali fangali. Hawan jinin da ya daɗe ya sa ƙananan nan sun ƙuntace, wasu sun toshe. Fangalin da ruwa ya daina isa gare shi sai ya bushe. Waɗannan fararen ɗigo-ɗigon da kake gani, su ne. Shi ya sa mantuwar take zuwa mataki mataki, shi ya sa tafiyarka ta canza, kukan nan ma daga nan yake."

Zulaikha ta ce, "Likita, mutane suna cewa gigin tsufa ne. Wasu kuma sun ce jifa aka yi masa."

"Ba wanda ya jefe shi. Kuma ba tsufa kaɗai ba ne, ciwo ne. Wanda ya bushe ba zan ce miki zai dawo ba. Aikinmu mu tsare sauran: magani kullum, a rage gishiri, kuma kada a bar shi shi kaɗai."

Mele ya daɗe yana kallon hoton. Bai taɓa ganin kai ta ciki ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan kawuna. Can ya nuna da yatsa ya ce, "Yaro, a wane fangalin hulunan suke?"

Likitan ya ce wannan kam na'urarsu ba ta nuna shi.

Mutanen Kazaure ba su guje shi da rashin kirki ba, da kirki suka guje shi. Wannan ya ce makon nan bai sa hular ba, ba ta yi datti ba. Wancan ya ce ɗansa ne ya ɗauka ya kai wani wuri bai sani ba. Mele yana zaune yana ganinsu suna wucewa ta ɗaya gefen titi, kawunansu ɗauke da wankin wani. Sunayensu sun gudu daga gare shi, amma idonsa bai manta da aiki ba. Yakan ce wa Isaac, "Dubi waccan. Ƙaro ya yi yawa, ta tsaya kamar kwano. Kan bawan Allah zai yi ciwo kafin la'asar."

Kawunan icce suka riƙa zama a rana ba huluna, ƙwal-ƙwal, kamar an yi musu aski. Duk da haka kowace safiya sai ya fito da su ya jera, ya bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci Isaac yakan ji shi yana yi musu sannu da hantsi.

Abin da ya fi yi masa ciwo Daudu ne. Wata safiya Daudu ya tsaya a bakin rumfa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam Mele, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Mele ya jira sauran. Ba sauran. Daudu ya yi addu'a ya wuce. Abubuwa da yawa suna zamewa daga kan Mele kafin azahar, amma wannan gaisuwar ta zauna. Ya ce wa Isaac, "Isiyaku, ashe ciwon nawa babba ne. Fulata ya kira ni Malam."

Da hutun makaranta ya zo, Zulaikha ta dawo da shawarar da ta riga ta yanke. Mijinta ya gyara ɗakin zaure a Babura, Baba zai koma can. Sau biyu ya bar garwashi a dutsen guga ya tafi gida, sau ɗaya ya sha maganin safe sau uku. Ta shiga haɗa kaya, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, warin ajiya ya taso. Mele ya ga hula a ciki, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya ɗauka ya jefa a jakar aiki tare da guda biyar da wasu tsofaffi masu kawaici suke kawo masa har yanzu.

Ran Juma'a aka zo aka karɓi biyar, Isaac na taya shi duba kowacce a asirce. Ɗaya ta rage a kan icce, ruwan toka da shuɗin zare, zanenta bai haɗu a ƙeya ba. Mele ya zagaya ta. Ya shinshina ta. Ba alli, ba hayaƙi, ba man kai, sai ƙamshin sabulunsa. Aka yi la'asar ba wanda ya zo.

Ya ce wa Zulaikha, "Ba inda za ni. Akwai hular mutum a hannuna."

Ta duba ta ce, "Baba, ai taka ce. Inna ce ta ɗinka maka."

Ya yi mata kallon da yake yi mata tana ƙarama idan ta ce ba ita ta sha zumar ba. "Zulai, don kina so ki kai ni Babura sai ki sa ni cin amana da tsufana? Hular da ke kan iccen nan ta masu kawowa ce. Tawa dara ce, ga ta a kaina."

"Wallahi taka ce, Baba. Da ita kake zuwa idi."

"Da tawa ce da na sani."

Duk garin kuwa an shaida cewa da tasa ce da ya sani. Isaac ma ya gwada. Wani lokaci Mele yakan gyaɗa kai kamar ya yarda, washegari ya fito ya tarar da hular a kan icce, a koma farko. Tun ran Juma'ar nan Zulaikha ta ce makaranta za ta koma ran Litinin ta sama, motar da za ta kwashi kaya za ta zo ran Asabar. Kwana takwas ke nan. Mele bai riƙe lissafin kwanakin ba, amma ya riƙe cewa lokaci ya ƙure, kuma idan ya bar Kazaure da hular wani, abin da za a tuna da shi ke nan.

Ya sa ta a leda ya shiga neman mai ita. Ba ya tambaya, don mai wankin hular da ya tambayi mutum ko wannan tasa ce ya gama faɗuwa. Kawuna yake kallo. Ya tsaya a bakin tasha yana auna masu sauka daga mota da ido, har wani baƙo ya shafa kansa ya tambayi ko wani abu ne ya maƙale masa. Ran kasuwar Gwiwa ya farka da tabbacin cewa mai hular mutumin can ne, wani dogo mai sayar da igiya. Kafin Zulaikha ta fito daga wanka ya hau babur ya tafi.

A Gwiwa ya sauka cikin hayaniya, ya bi layin masu igiya, ya bi na masu hatsi. Wajen masu barkono ya tsaya cak. Bai san garin ba. Bai san abin da ya kawo shi ba. Mutane na ta gifta shi, kowa da inda ya nufa, ba wanda ya ce masa bawana, ba wanda ya ce masa Malam. Ya samu gindin wata tsamiya ya zauna, ya buɗe ledar da ke hannunsa don ya ga ko abinci ne. Ya ga hula. Ya ce a ransa, to, aƙalla aiki ne ya kawo ni. Ya riƙe ta a cinya da hannu biyu har rana ta karkata, yana jiran mai ita ya gan shi.

Wani direban a-kori-kura da ya taɓa kai masa wanki ne ya gane shi, ya sa shi a gaba ya dawo da shi. Suka tarar da Zulaikha a bakin rumfa, mayafinta a karkace, idanunta sun yi ja. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta cire masa takalmi ta zazzage yashi.

A yammacin nan Isaac ya rufe rumfarsa da wuri, ya tafi gidan Alhaji Daudu. Ya ce, "Alhaji, ni ba Bafulatani ba ne, ba Babarbare ba, ban san dokar wasanku ba. Amma ladabin nan da kake yi wa Baba ya fi ciwon cin sa."

Daudu ya ce, "Isaac, yaya zan zagi mutum yana cikin wannan hali?"

"Yadda ka saba, Alhaji. Shekara ashirin ina jin ka, ba ka taɓa neman taimako ba."

Ran Asabar motar ta zo ta tsaya a gindin darbejiya. An ɗora katifa da akwati da bokitai. Mele yana zaune a kan bencinsa, leda a cinya, ya ce a sauke. Zulaikha ta tsaya riƙe da ƙofar mota ta rasa yadda za ta yi. Sai ga Daudu ya taho, yana gyaran murya tun daga nesa kamar mai shirin kiran salla.

"Kai, Babarbare." Ya ƙara matsowa. "Bawana. An ce za ka gudu ba ka sallami ubangidanka ba."

Mele ya ɗago. Fuskarsa ta buɗe a hankali. Sunan bai zo ba, amma kan ya zo. "Fulata. Wa ya wanke maka wannan? Ko saniya ce ta lashe ta?"

"Wani ne da ya fi ka."

"Ya cuce ka. Ka yi kama da tukunyar da aka kife."

Daudu ya zauna a gefen benci, ya juya fuska wajen titi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Me kake ɓoyewa a leda? Ƙosai ne ba ka son a ci?"

"Hular mutum ce. Bai zo ba."

"To ina zai zo? Ka ƙunshe ta a leda kamar daddawa, kana jira ya shinshino ta daga gidansu? Dama an ce Barebari ba dabara."

Mele ya buɗe baki zai rama, ya tsaya. Maganar ta shige shi ta ƙofar sana'a. Ya fito da hular ya tashi, yana jan ƙafa, ya nufi kawunan icce da aka tara za a bar wa Isaac. Ya ɗora ta a na farko, ta yi sako-sako. Na biyu ya matse ta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, direba ya gaji ya kashe mota. Har Mele ya kai ga tsagaggen nan na lungu. Ya hure ƙurar, ya ɗora. Ta zauna ɗas.

"Ga kansa," in ji Mele. "Tsohon mai kawowa ne." Ya shafa tsagar. "Fuskar ce ba ta zo ba."

Zulaikha ta buɗe baki, Isaac ya girgiza mata kai.

Mele ya dubi kan iccen, ya dubi titi. Kan icce ba ya yawo, ba ya zuwa masallaci, ba wanda zai gan shi a lungu. A hankali ya cire darar da ke kansa ya miƙa wa Daudu ya riƙe, ya ɗauki hular da hannu biyu ya sa. Ya ɗan danna ta gaba, ya ɗan ja ta baya, yadda yake yi duk safiyar idi, bai san ya yi ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni da mutumin nan kanmu ɗaya."

"Shi ma ƙarami ne ke nan," in ji Daudu, yana murza ido da babban yatsa.

"Ku shaida, ba sa ta na yi ba. Cigiya nake yi. Duk inda ya gan ta a kaina zai yi magana." Mele ya juya ga Isaac. "Isiyaku, in ya zo nan, ka ce masa ina ina?"

"Babura, Baba. Gidan Zulaikha."

"Ka ce masa an wanke, an goge."

Ya ɗauki tsagaggen kan iccen ya rungume, ya shiga mota. Daudu ya tsaya a titi da tsohuwar dara a hannu, sai da motar ta sha kwana sannan ya tuna bai mayar ba.

A Babura ba wanda ya san Mele ya taɓa raba hula ɗari ba alama. Tsoho ne dai da ake shimfiɗa wa tabarma a ƙofar gidan malama, yana shan maganinsa da safe a hannun 'yarsa, yana ƙorafin miya ba gishiri. Masu wucewa kasuwa, na gari da waɗanda suka tsallako daga Nijar, sukan yi masa sallama, ya amsa yana kallon kawunansu maimakon fuskokinsu. Wasu ranakun yana magana, wasu ranakun ba ya yi. Ran Alhamis kuwa, ko bai san sunan ranar ba, hannunsa yakan nemi ruwa da sabulu. Ya wanke hular, ya ɗora ta a kan iccen, su zauna su biyu a rana har ta bushe.

Wata Alhamis Zulaikha ta dawo daga makaranta ta same shi yana bin zanen da yatsa, daga goshi har ƙeya, inda layin ya saɓa.

"Baba, mai ita ya zo?"

"Bai zo ba." Ya ci gaba da bin zaren. "Wadda ta ɗinka wannan ba ta iya ba, Zulai. Amma ta yi haƙuri. Dubi nan, sau uku ta warware ta sake."

Zulaikha ta ajiye jakarta a hankali. "Yaya aka yi ka san mace ce?"

Ya dube ta kamar zai faɗi wani abu, ya daɗe yana nemansa. Abin ya zo kusa, ya tsaya, ya juya. Ya mayar da idonsa kan titi.

"Zai zo," ya ce. "Wanda aka yi wa irin wannan ba ya barin ta a wajen wanki."

Ya taɓa hular ya ji da sauran danshi, ya juya kan iccen ya fuskanci rana.